Geron Ramatou da Agwagin Kwari

Duk wanda ya taɓa zama a gininmu na Landover, a nan Amurka, ya san Ramatou, in bai gan ta ba to ya ji ta. Hawa na uku take, ƙofarta na kallon tawa. Badamagariya ce, daga wani ƙauye can bayan Zinder, ni kuwa Bakanuwa, don haka tun ranar da suka tare ba mu taɓa gaisawa ba sai an taɓa garin wani. In na ce mata, "Ina kwana, baiwarmu?" sai ta ce, "Lahiya lau, Hasiya Bakanuwa, yau wa kuka cuta?" Haka muke har furfura ta fito mana.

Mijinta Malam Abdou direba ne, yana ɗaukar fasinja daga filin jirgin Dulles. Mutum ne mai sanyi, ko odar mota ba ya son dannawa. Yadda ya samu Ramatou kuwa, ba macen da ke shiga gininmu da ba ta ji labarin ba. Tana yarinya ita ke niƙan gidansu kaf, don injin niƙa ya yi wa ƙauyensu nisa. Kullum tana durƙushe gaban dutse har gwiwoyinta suka yi kanta. Da ta isa aure samari suka yi ta zuwa, wani da rediyo, wani da keke. Abdou ba shi da ko ɗaya, sai ya ce mata, "In kin aure ni, gwiwarki ba za ta ƙara taɓa ƙasa gaban dutsen niƙa ba." Ta ce ta ji ta yarda. Ya kai ta Zinder ya kama musu ɗaki kusa da mai inji, daga nan Yamai, daga nan kuma sai Amurka. In ta kawo nan a labarin sai ta miƙo tafin hannunta ta ce, "Ku taɓa ku ji. Wannan ya yi kama da hannun mai niƙa?" Ni kuwa in ce, "A'a, ya fi kama da hannun mai cin na wasu."

'Yarsu Mariama a nan ta girma. 'Yar fari ce, don haka uwar ba ta kama sunanta, sai dai "yarinyar nan". Ta auri wani yaro Bakano, Fahad, injiniya, suna zaune a Beltsville. Da ta haihu, Ramatou ta share ɗakin baƙi, ta sayo sabon bargo, ta ce yarinya za ta zo gida wankan jego kamar yadda ake yi wa kowace 'yar mutane a haihuwar fari. Mariama ta ce ita tana da bandakinta da gadonta, me za ta zo yi a hawa na uku? Uwar ta ce kunun kanwa. Wa zai dama mata kunun kanwa a Beltsville?

Nan ne fa yarinyar ta kama ta. Sau ɗaya aka taɓa kai Mariama ƙauye tana ƙarama, ta sha kunun kakarta, har yau ba ta manta ba. Ta ce, rabi da Hausa rabi da Turanci, "Momi, naki ba irin na Kaka ba ne. In kin yi irin na Kaka, zan zo. In ba ki yi ba, maman Fahad na zuwa daga Kano bayan suna, ita za ta kula da ni."

Ku ji fa. Jikan fari, a hannun Bakanuwa. Da Ramatou ta faɗa mini, na ce, "Alhamdulillahi, yaro zai tashi da wayo." Ba ta ko rama ba. A nan na san abin ya kai mata wuya.

Ta fara da garin gero na leda, wanda ake sayarwa a shagon kayan abincinmu na gida. Ta dama, ta zuba a fulas, Malam Abdou ya kai ta Beltsville. Mariama ta kurɓa ta ce ba shi ba ne. Ramatou ta ce ai dole, garin da ya kwana a jirgin ruwa har ya manta sunan gonarsu. Ta sayo gero surfaffe ta zuba a bilenda, bilenda ta yi kuka ta yi hayaƙi ta mutu. Ta ari ɗan injin niƙa kofi na mijinta, kunu ya fito yana warin kofi, mai jego ta ce ko jaririn ya ƙi barci don ƙamshin kawai. Sai ta jawo turminta daga ƙarƙashin gado. Taɓarya ba ta sauka da yawa ba Lizzy ta hawa na biyu ta hau da manaja, tana cewa fitilar silin ɗinta na rawa. Ramatou ta sa filo ƙarƙashin turmi, filo ya fashe, Lizzy ta sake hawowa.

Rannan na shiga kicin ɗinta na tarar ta zauna ta yi tagumi. A bango akwai wata kalanda da aka ba Malam Abdou a garejin da yake gyaran mota, kowane wata da tsohon hoto na ƙauyukan ƙasar nan: tsofaffin coci-coci, gidajen dutse, gadoji, mutane da huluna suna tsaye kamar an kafa su. Ramatou ta rataye ta ne don ta rufe wani rami a bango, kuma ta bar ta a shafin wata guda tun bara saboda hoton yana da jaki. Ina juya shafuka don in ba ta haushi sai ga wani gini na dutse a cikin kwari, gefensa wata ƙatuwar ƙafa ta katako kamar ta amalanke, ruwa na zuba a kanta, mutane na shiga da buhuna.

Malam Abdou ya sa tabarau ya karanta abin da ke ƙasa. Ya ce gidan niƙa ne na zamanin da, ruwan rafi ke juya duwatsun. Ya ƙara da cewa ya taɓa kai fasinja wajen, a ƙauyen Virginia ne, kuma har yanzu ana kunna shi ranar Asabar.

Ramatou ta miƙe tsaye. "Malam, kana nufin akwai mai niƙa a ƙasar nan, ka sani, ka bar ni ina kashe bilenda?"

"Ba irin wanda kike tsammani ba ne. Na kallo ne."

"Yana niƙa ko ba ya niƙa?"

"Yana niƙa, amma..."

"Bon. Asabar."

Ta koma shago ta kwashe sauran geron da ya rage musu, don mai shagon ya ce ba za a sake kawowa ba sai wani watan. Ta wanke shi, ta zuba citta da kanumfari, ta shanya a kan zanin gado a tsakiyar falo, har Malam Abdou sai da ya yi ta bin bango kafin ya kai bandaki. Ranar Asabar ta juye a fanteka, ta rufe da faifai, ta ci ado kamar mai zuwa biki. Ni ma na shiga mota. Wa zai bari a ba shi labarin wannan?

Mun wuce Sterling, manyan gine-gine suka ƙare, hanya ta ƙanƙance ta fara gangara. Sai ga kwarin, sak yadda yake a kalanda, sai dai da launi. Rafi na gudu, ƙafar katako na juyawa tana ƙara, ga wani ɗan farin coci a gefe wanda bai fi shagon mai shayi biyu ba, ga tsofaffin gidaje 'yan kaɗan an share gabansu tas. A ƙofar gidan niƙan kuwa layi ne na tsofaffin Turawa da yara, kowa da waya a hannu. Ba mai ko kwano.

Ramatou ta duba su ta ce, "Kin ga mutanen nan? Sun zo niƙa sun manta hatsi."

Ta sauke fanteka daga kanta, ta ajiye a bayan mutumin ƙarshe, ta gyara faifan, ta juyo. Malam Abdou ya ce, "A nan mutum ne ke bin layi, ba kwano ba."

"Wa ka taɓa gani ya tsaya a rana saboda niƙa? Kwano ke layi, mai shi ya nemi inuwa. In an zo kansa mai inji zai yi kira."

Gaskiyarta, haka ake yi daga Kano har Damagaram. Malam Abdou ya ce bari ya je ya ɗan miƙe bayansa a mota. Mu kuma muka zagaya bayan cocin muka zauna ƙarƙashin wata bishiya, muna kallon gari. Ramatou ta leƙa tagar wani gida ta ga gado a gyare, tukunya a kan murhu, ba kowa. Ta ce, "Gari guda ba ko akuya. Sun yi wa gidan da ba mutane fenti, mu kuwa da muke da rai manaja ya ƙi gyara mana famfo." Na ce mata ai ƙauyensu ma in an share shi aka kori mutanen, Turawa za su biya su kalla. Ta ce Kano kuwa ko an biya mutum ba zai kalla ba.

Muna cikin haka sai muka ji hayaniya daga wajen rafi. Manyan agwagin nan ne masu dogon baƙin wuya, waɗanda ke ɓata ciyawa a ko'ina, sun taru suna ihu kamar ana rabon zakka. A tsakiyarsu wata 'yar tsohuwa ce mai farin gashi, ta rungume wani abu a ƙugu, tana ɗiba tana watsawa tana yi musu magana.

Ramatou ta ƙanƙance ido. "Hasiya, wancan ba faifaina ba ne a ƙasa?"

Ban taɓa sanin Badamagariya na da gudu haka ba. Takalmi ɗaya ya tsaya a matakalar coci, ɗankwali ya tsaya a kan wani kabari, ita kuwa ta faɗa cikin agwagi tana "Kai! Kai! Haram!" Agwagin Virginia ba su taɓa cin gero mai citta ba, kuma ba su da niyyar bari. Babban cikinsu ya miƙe wuya ya yi huci ya cafki bakin zaninta. Tana ja yana ja, ta kama fanteka da hannu ɗaya, tsohuwa ta riƙe ɗaya gefen don ta zaci ƙwace aka zo yi. Layi ya watse, wayoyi suka juyo kanmu. Ni dai na so in taimaka, wallahi na so, amma dariya ta hana ni.

Ihun yara ne ya tashi Malam Abdou. Ya zo ya kori agwagin da hularsa, sannan ya tsaya tsakani yana tafinta. Tsohuwar sunanta Pauline, ita ke share cocin, ita ke ciyar da tsuntsayen wajen. Mutane sun saba ajiye mata abincin tsuntsu a bakin ƙofar su tafi. Ta fito ta ga kwano ba mai shi, ta buɗe ta ga gero, ta yi wa mai kyautar addu'a. A ƙasar nan, in ba ku sani ba, gero abincin tsuntsu ne, har hoton kanari ake bugawa a jikin buhunsa.

Da ta gane abin da ta yi, Pauline ta dafe ƙirji tana ta "sori, sori", idonta ya kawo ruwa. Ramatou ta leƙa fanteka. Abin da ya rage bai kai rabi ba. Ta ce, "Malam, tambaye ta ko sori ake dama wa mai jego." Malam Abdou ya juya ya ce wa Pauline matarsa ta ce ba komai.

Sai ga mai niƙan ta fito, wata ƙaƙƙarfar mace, Debbie, cikin doguwar riga irin ta mutanen kalanda, gari har a girarta. Ramatou ta miƙa mata fanteka ta ce a gaya mata ta niƙa da laushi, kuma kada ta haɗa da na wani. Debbie ta saurari Malam Abdou, ta girgiza kai. Ta ce dokar wajen ba ta yarda a zuba hatsin kowa a manyan duwatsun ba sai masararsu. Ta ce ko da an yarda ma, ta ja mu ciki ta nuna mana: duwatsu ne biyu kowanne ya fi tabarma faɗi, ɗan geron nan in ya shiga tsakaninsu ko ƙurarsa ba za a gani ba.

Ramatou ta ɗauki faifai ta kaɗe, ta rufe fanteka, ta fita ta zauna a bakin matakala da takalmi ɗaya. Can ta ce, a hankali, "Shi ke nan. Hajiyar Kano ta samu jika." Na zauna kusa da ita. Ina da magana a bakina mai daɗi ƙwarai, na haɗiye ta.

Debbie ta tambayi Malam Abdou wai me ya sa garin nan ya zama dole haka. Ya gaya mata komai, har da bilenda da Lizzy. Ta ce ita ma tana da jika a wata jiha mai nisa, sai a waya take ganinsa. Sannan ta yafito mu zuwa wani lungu a bayan buhuna. Ta ce akwai wani abu da suke bari baƙi su gwada da hannunsu, na mutanen da suka fara zama a kwarin tun kafin a gina komai, kuma ba wanda ya taɓa kafa doka kan abin da za a niƙa a kansa.

Dutsen niƙa ne. Shimfiɗaɗɗe, mai ɗan kwari a tsakiya, da ɗansa a kai. Kamar daga ƙauyen su Ramatou aka ɗauko shi.

Ramatou ta dubi dutse, ta dubi mijinta. Malam Abdou ya cire hula ya share goshi. Ya ce, "Hasiya, ki zama shaida, ni ban ce ta yi ba."

"Daga Zinder zuwa Yamai," in ji Ramatou, "daga Yamai zuwa nan, jirgi biyu. Ashe zagaye ka yi da ni, Malam."

Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta sa aka kawo ruwa ta wanke dutsen ta goge. Za ta durƙusa ke nan sai ga Pauline da gudu daga coci, ta kawo ɗan matashin da suke durƙusawa a kai in suna addu'a, ta tura mata ƙarƙashin gwiwa. Malam Abdou ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, alkawari na nan. Ba ta taɓa ƙasa ba." Ta ce ya matsa daga kanta kafin ta niƙa da shi.

Kada wani ya ce muku hannu ba ya mantuwa. Turin farko da ta yi, gero ya watse har cikin takalmin wani Bature. Sai da ta yi ta fama kafin abin ya daidaita, kafaɗa na tafiya tana dawowa, sai kuma ga waƙa ta fito da kanta. A cikin waƙar ta zagi agwagi da iyayensu, ta zagi bilenda, ta zagi direbobi masu alkawari, ta zagi Kanawa unguwa-unguwa. Mutanen layi suka kewaye mu suna tafi a kan kari, sun ɗauka cikin shirin wajen ne. Wata mata ta tambayi Malam Abdou me waƙar ke cewa, ya ce addu'ar girbi ce.

Ba a yi nisa ba bayan Ramatou ya riƙe, ta kasa gaba ta kasa baya, sai da muka ɗaga ta mu biyu kamar buhu. Malam Abdou ya naɗe hannun riga ya karɓa, mutumin da bai taɓa niƙa ko barkono ba. Ni ma na karɓa, tana zaune tana cewa a duba zanina, Bakanuwa ko a niƙa sai ta rage mudu. Pauline ma ta yi nata don neman gafara. Abin da muka tashi da shi gari ne ɗan kaɗan, mai tsakuwa-tsakuwa, wanda a gida ko kaza sai ta yi tunani. Ramatou ta tankaɗe shi a gida ta sake tankaɗewa, ta dama da kanwa, ta ɗanɗana, ta ɓata fuska. Ta ce akwai ƙasar dutse a ciki, abin kunya ne, amma ba wani geron.

Na bi su Beltsville washegari. Mariama na zaune da jariri a cinya, Fahad na tsaye da waya yana duba lokacin saukar jirgin mahaifiyarsa. Ramatou ta zuba kunu a kofi ta miƙa ba tare da ta kalle ta ba. Yarinya ta kurɓa. Muka ji ƙaras a haƙorinta, har Fahad ya ɗago kai ya ce, "Lafiya? Dutse ne?"

Mariama ta sake kurɓa, ta tauna a hankali, ƙaras. Sai hawaye. Ta ce, "Momi, shi ne. Haka na Kaka yake yi a baki."

Ramatou ta zauna daɓas a kujera. "Ƙasar? Duk wahalar nan ƙasa kike nema? Da kin faɗa ai da na ɗebo miki a wajen fakin!"

Amma tana faɗa tana naɗe kayan jariri a zani, kafin wani ya canja ra'ayi. Kafin la'asar mai jego na hawa na uku a cikin sabon bargo. Hajiyar Kano da ta iso, mace ce mai kirki, sai dai ta riƙa zuwa Landover tana sallama a ƙofar Badamagariya kafin ta ga jikanta, abin da har yau ban yafe wa Ramatou ba.

Garin nan kuwa bai daɗe ba ya ƙare, jego kuma da sauran tafiya. Malam Abdou ya samo gero a wani shago can wajen Baltimore, Asabar ta zagayo, muka sake gangarawa kwari. Haka muka yi ta yi har aka yi arba'in. Debbie na ajiye mata dutsen, Pauline na fitowa da matashi tun kafin mota ta tsaya. Fanteka dai har yanzu ita ke bin layi, don Ramatou ta ce ba za ta lalata tarbiyyar kwano ba saboda agwagi. Sai dai yanzu Malam Abdou ne ke tsaye a kanta cikin rana, da hula a hannu, yana harare-harare wajen rafi, mu kuwa muna inuwa.